Yadda zaka canja famfon mai na cikin tanki da kanka a gida

Akwai wani ɗan ƙara da mota take yi wanda yawancin masu mota basu taɓa lura dashi ba sai ranar da ya daina. Ka sa makulli ka murɗa zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa amma kada kayi kik, ka kashe rediyo da fanka kayi shiru, zaka ji wani zuuu a hankali daga wajen kujerar baya na kamar daƙiƙa 2 sai ya ɗauke. Toh wannan shine famfon mai, yana cika bututu ne kafin inji ya tashi. A motocin fetur masu injekta, wato kusan duk wadda aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau, famfon na lantarki ne kuma a cikin tankin yake zaune tsundum a cikin fetur, man ne ma yake sanyaya shi. Mutane suna mamakin yadda ake tsoma abu mai wuta a fetur bai tashi ba, dalilin shine tanki a rufe tururin mai ya cika shi iska tayi kaɗan, wuta bata da abinda zata kama dashi. Ka riƙe wannan maganar fa, domin da zarar ka buɗe bakin tankin iska ta shiga lissafi ya canja.

Aikin kansa ba wani tashin hankali bane in motarka tana da ƙofar shiga ta sama, wato ɗan faifan da ake buɗewa a ƙarƙashin kujerar baya ko cikin but a isa kan tanki, wanda bai taɓa yi ba ma zai iya gamawa a awa biyu zuwa uku. Inda mutane suke faɗawa rami wuri uku ne, canja famfon da lafiyarsa ƙalau, barin datti ya faɗa tanki, da kuma ɗaura robar bakin tanki a karkace.

Tukunna, ka tabbata famfon ne?

Ni na taɓa sayo sabon famfo na ɓata yini guda a kansa, hannu duk warin fetur, na gama ɗaurawa ina jin kaina na murɗa makulli, shiru kake ji. Ashe rile ne ya mutu, ɗan baƙin abin nan da bai wuce girman akwatin ashana ba mai kunna wa famfo wuta, tsohon famfon babu abinda ya same shi. Tun daga ranar bana taɓa kujerar baya sai na gama da akwatin fis.

Alamomin famfon da ya gaji sanannu ne, mota tayi ta kik taƙi tashi, ko da safe sai an daɗe ana kik, ko tana shaƙewa in ka taka totur a hawa ko ka ɗauko kaya, ko ta mutu in tayi zafi sai ta huta ta sake tashi kamar ba ita ba, wani lokacin kuma kukan famfon ne yake ƙaruwa har kana ji daga sitiyari kamar ƙudan zuma ya shiga tanki. Matsalar dai itace filta da ta toshe, kwayil, fulogi da sensar karanshaf duk suna iya kawo irin wannan, shi yasa sai an bi a hankali.

Ka fara da fis. A bayan murfin akwatin fis akwai zane da yake nuna na famfon mai, ciro shi ka ɗaga wa haske ka ga ko wayar cikinsa ta tsinke. Sai rile, in akwai wani mai lamba iri ɗaya dashi a akwatin, sau da yawa na hon yakan zo daidai, ka musanya su ka sake sauraro. Masu Ford kuma su sani da yawa daga cikin motocinsu suna da wani makunni da yake yanke wa famfo wuta in mota ta bugu da ƙarfi, ko rami mai kyau ka faɗa yana iya tsalle, danna maɓallinsa kawai ake yi ya dawo, littafin motar zai nuna maka inda yake.

In duk waɗannan lafiya, sai ka je soket ɗin da ke kan famfon da mitar gwada wuta. Yawanci zaka ga wayoyi biyu masu kauri, na famfon kenan, da sirara na gejin mai. Ka sa wani ya murɗa makulli kai kana kallon mita, don wutar daƙiƙa 2 ɗin nan kawai take zuwa ta ɗauke, ya kamata ka ga kusan bolt 12. Wuta tana zuwa famfo bai motsa ba, toh shine mai laifin. Wuta bata zuwa, matsalar waya ce ko rile ko kwamfutar mota, ko famfo goma ka canja ba zata tashi ba. In kuma famfon yana juyawa amma kana zargin ƙarfinsa, gejin gwada matsin mai ne zai raba gardama. Yawancin motoci masu injekta na yau da kullum suna aiki tsakanin psi 40 zuwa 60, wato kamar bar 3 zuwa 4, amma ka nemi ainihin adadin motarka. Ka kuma lura bayan ka kashe inji, in allurar gejin ta faɗo nan take akwai yiwuwar bawul ɗin da yake hana mai komawa baya a cikin famfon ya saki, shine yake kawo doguwar kik ɗin safe. Mai na'urar karanta kwamfutar mota zai iya ganin lambar matsala P0087 wato matsin mai yayi ƙasa, ko P0230 wato matsala a layin wutar famfo.

Sai tsohuwar dabarar makanikai, wani yana kik kai kana ɗan bubbuga ƙasan tanki da tafin hannu ko gudumar roba. In ta tashi, famfon ne yake maƙalewa kuma kwanansa ya ƙare, kada ka ɗauka ka gyara.

Abinda zaka saya da kayan aiki

Famfo iri biyu ake sayarwa. Akwai cikakken saiti, wato kwandon roba gaba ɗaya da famfon a ciki da fulota ta gejin mai, wato abin da yake yawo a saman mai yana auna yawansa, da matata, a motoci da yawa har filta da abin daidaita matsin mai duk suna jikinsa, kawai ciro tsoho zaka yi ka zura sabo. Akwai kuma famfon zalla, ɗan ƙarfen nan mai kama da ƙaramin gwangwani, wanda sai ka warware kwandon ka sa shi a ciki. Na biyun yafi sauƙin kuɗi amma yafi aiki, kuma in kwandon ya tsufa robarsa tana karyewa kamar busasshen kara. In gejin manka dama yana maka ƙarya, ko motar ta ci kilomita sosai, ni dai cikakken saitin zan ce ka saya ka huta. Ka saya da lambar shasi ko lambar da ke rubuce a kan tsohon, kada ka saya da ido, don famfo biyu zasu yi kama sak amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Kuma araha bata ado a nan, famfon banza wata nawa ne ka sake buɗe tanki.

Duk wanda ka saya, abu biyu dole su zama sababbi, matatar da ke gindin famfo da robar bakin tanki. Tsohuwar robar da zarar ka ciro ta zaka ga ta kumbura ta fi ramin ta girma, ba zata koma daidai ba.

Kayan aiki ba yawa, saitin soket da sifana musamman 8, 10 da 12, sukundireba mai faɗi da mai kuros, filaya, guduma, guntun katako mai ƙarfi ko sandar tagulla, burushi, tsummoki masu tsabta da yawa, roba mai faɗi da zaka ajiye tsohon famfo, maka ta yin alama, tocila mai LED, safar hannu wadda fetur baya ci, da tabarau na kare ido. Sai abin kashe gobara mai hoda, a kusa da hannunka ba a cikin but a kulle ba. Ruwa baya kashe wutar fetur, watsa ta yake yi.

Maganar wuta, ka karanta ko kana sauri

Ba ruwan fetur ɗin ne abin tsoro ba kamar tururinsa. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana malala ba ka ganinsa, sai ya je ya samu wuta a can nesa ya dawo maka da ita. Don haka a fili zaka yi aikin inda iska take kaɗawa, ƙofofin mota duka huɗu a buɗe, babu sigari, babu janareta a kunne, babu murhu ko wani mai walda a kusa, yara kuma a kore su. Kada ka jawo ƙwan lantarki mai zafi cikin mota, kada ka yi amfani da injin huda ko wani abu mai mota a jikinsa bayan tanki ya buɗe, kuma don Allah kada tunanin zuƙe fetur ko dattin bakin tanki da injin shara na lantarki ya zo maka, tartsatsi yake yi a cikinsa. Ka bar inji da salansa su huce tukun. Kafin ka taɓa bakin tanki ka dafa ƙarfen jikin mota don wutar da take taruwa a jikin mutum ta sauka. In kanka ya fara sarawa ko ka ji jiri, fito ka sha iska, aikin ba gudu zai yi ba.

Kuma ka yi aikin lokacin da mai yayi ƙasa, kwata ko ƙasa da haka. Tanki a cike in ka buɗe, a wasu motocin man har bakin ramin yake, zai kwararo maka cikin mota kuma warin nan sai ya yi makonni a kafet.

Sauke matsin mai

Ko mota a kashe take akwai mai a matse cikin bututu, in ka cire tiyo haka nan zai feso maka a fuska. Ciro fis ko rile na famfon, tada motar ka barta tana aiki har ta mutu da kanta, sai ka ƙara kik na daƙiƙa kaɗan. In dama bata tashi, kik ɗin kawai zaka yi. Buɗe murfin tanki inda ake zuba mai iska ta fita. Daga nan ka kashe makulli ka cire kan batir na nagatif, mai alamar ragi, ka kautar dashi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Wannan ba na wasa bane, wasu motocin irin su Volkswagen da BMW buɗe ƙofar direba kawai yana sa famfo ya kama, ka yi tunanin tiyo a cire wani ya zo ya buɗe ƙofa.

Isa wurin famfon

A motoci da yawa irin su Corolla, Camry da Golf ƙofar tana ƙarƙashin mazaunin kujerar baya, a wasu Honda Accord kuma a cikin but take ƙarƙashin kafet. Mazaunin yawanci ƙugiya biyu ce ta riƙe shi ta gaba, ka kama gefen gaba ka fizgo sama da ɗan ƙarfi, wasu kuma akwai noti. In ka ga waya ko soket mai launin rawaya a wurin, na jakar iska ce mai kare mutum a haɗari, ba ruwanka da ita. Zaka ga faifan ƙarfe da sukurori uku ko huɗu, ko an manne shi da wani baƙin gam mai danƙo, ɗaga shi a hankali don wayar famfon ta cikinsa take bi.

Abinda zaka gani a ƙasa shine kan famfon, kuma zaka same shi cikin ƙura da yashi na shekaru. A nan ne masu gaggawa suke kashe sabon famfonsu tun kafin su ɗaura shi. Ka share wurin sosai da burushi, ka bi da tsumma mai ɗan danshi, ka shiga lungunan zoben da ya ɗaure kan famfon da tsohon burushin haƙori, har sai ka ga robar tana sheƙi. Duk ƙwayar yashin da ka bari a nan cikin tanki zata ƙare. Bayan ka gama ka ɗauki hoto da waya ta kowane ɓangare, sannan ka ja layi da maka daga kan famfon zuwa zobe zuwa jikin tanki, wannan layin shi zai nuna maka yadda komai yake zaune in ka zo mayarwa.

Cire soket ɗin wuta, ka leƙa cikinsa, in ka ga ƙarfen yayi baƙi ko robar ta narke sai ka canja shi shima, in ba haka ba sabon famfon ma wahala zai sha. Sai tiyo. Wasu motocin ɗaya ne, tsofaffi kuma biyu ne ko uku, mai kai mai, mai dawo dashi, da na tururi, ka sa musu alama kada ka juya su. Yawancinsu kan roba ne mai maɓalli a gefe, dabarar itace ka fara tura kan ciki tukun, sannan ka matse maɓallin, sannan ka ja. In yaƙi, datti ne a ciki, ka wanke ka jujjuya shi a hankali, kada ka sa sukundireba ka ɓanɓare don in ya karye sai ka canja bututun. Ka naɗe wurin da tsumma kafin ka ja, mai zai ɗan fito, ka kuma toshe bakin tiyon da leda mai tsabta.

Buɗe zobe da ciro famfon

Iri uku zaka iya tararwa. Ko ƙananan notina zagaye da kan famfon, wannan shine mai sauƙi. Ko babban zoben roba mai zare kamar murfin jarka. Ko zoben ƙarfe mai haƙora da ake juyawa kaɗan ya saki. Akwai sifana ta musamman ta wannan aikin, in ka samu aro ka more. In babu, ka ɗora katako ko sandar tagulla a haƙorin zoben ka dinga bugawa da guduma a hankali zuwa hagu, kana canja haƙori kana zagayawa, kada ka nace wa guda ɗaya har ya fita. Ƙarfe a kan ƙarfe kam a'a, sukundireba da guduma a zoben ƙarfe tartsatsi ne a bakin tankin fetur.

Zoben yana saki zaka ga kan famfon ya ɗan taso da kansa, sifirin ne a ƙasa, ba komai. Yanzu ka ɗago shi a hankali, kada ka fizge, don akwai hannun fulota, siririn ƙarfe mai ɗan abu a bakinsa da yake yawo a saman mai, sai ka karkata kwandon ka ɗan juya kafin ya fito, in ya lanƙwashe gejin manka ya fara ƙarya kenan. Kwandon cike yake da fetur, ka bari ya tsiyaye cikin tanki sannan ka wuce dashi cikin robar da ka tanada ka fita dashi daga motar. A wasu motocin masu tanki mai ɓangare biyu akwai wani tiyo a ciki da yake haɗe da kwandon, in ka ji abu yana riƙewa leƙa ka cire shi.

Haska tocila cikin tankin. Ƙasan ya kamata ya zama fes. In ka ga tsatsa, laka ko ɗigon ruwa yana kwance a ƙasan mai kamar ƙwallaye, toh ka gano abinda ya kashe tsohon famfon kuma shi zai kashe sabon, sai an wanke tankin. Bayan ka duba ka rufe bakin da tsumma mai tsabta, in zoben roba ne kuma zaka daɗe ka ɗan mayar dashi a zarensa don kada bakin tankin ya sauya ya baka wahala.

In famfon zalla ka saya

Ka yi wannan a kan tebur mai tsabta a waje, nesa da motar. Ka ajiye sabo da tsoho gefe da gefe ka gwada tsawo, kauri, bakin fitar mai da soket. Kwandon kunnuwan roba ne suka riƙe shi, ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar sukundireba ba da ƙarfi ba, kana yi kana ɗaukar hoto. Cire wayar famfo, zare shi, ka lura da ƴan robobin da ke samansa da gindinsa, kowacce ta koma inda take. In akwai ƙaramar roba zagayayya a bakin fitar mai ka sa sabuwa, in ta tsage famfo zai yi ta juyawa yana mayar da mai cikin tanki mota taƙi ƙarfi kai kuma kana zagin famfon. Sabuwar matata ka danna ta a gindi har ta zauna daram, ta kalli inda tsohuwar take kallo, wasu akwai ɗan wosha mai haƙora da yake kulle ta.

Wayoyi kada ka juya su, mai alamar tarawa da mai alamar ragi, in ka juya su, da baya famfon zai dinga juyawa. Kada ka haɗa waya da salatif a cikin tanki, fetur narkar dashi yake. In sai ka canja guntun tiyon ciki, ba kowane tiyon mai bane yake jure zama tsundum a fetur, wanda aka yi don haka zaka ga an rubuta SAE 30R10 a jikinsa, na waje in ka sa shi a ciki kumbura yake ya fashe. Kuma kada ka ce bari ka jona sabon famfon a batir ka ji ko yana yi, juyawa a bushe lalata shi take, ga tartsatsi kusa da kwandon da ke jiƙe da fetur.

Mayarwa

Goge bakin tankin tas. A yawancin motoci robar ake fara zaunarwa a bakin tanki sannan a zura famfon ta cikinta, ka ɗan shafa mata fetur da yatsa don ya zame. Fulota ce take fara shiga, a karkace kamar yadda ka fito da ita, ka tabbata hannunta yana motsi bai maƙale a bango ba. Juya kan famfon har kibiyar da ke kansa ta yi daidai da alamar jikin tanki ko layin da ka ja. Sai ka danna shi ƙasa da hannu ɗaya, ka riƙe, ka bi gefen da yatsa ko'ina ka ji robar bata leƙo ba bata kuma faɗa ciki ba, sannan ka sa zobe. Nan wurin in akwai mai taimaka maka yafi, ɗaya ya danne ɗaya ya ɗaure. Zoben roba ka fara da hannu, in ya yi tauri tun zagayen farko ya hau zare a karkace, warware ka sake. Ka ɗaure har alamar maka ta dawo inda take. In notina ne, ɗaya nan ɗaya can tsallake-tsallake kamar na taya, kuma ƙanana ne basa son ƙarfi, garin neman gira kada ka rasa ido.

Tura tiyo har ka ji ƙas, sannan ka ja shi baya ka tabbata ya kama. Mayar da soket, fis ko rile, murfin tanki, sai batir a ƙarshe. Faifan da kujera kada ka mayar tukun.

Murɗa makulli ba tare da kik ba, ka ji zuuu ɗin, kashe, ka jira kamar daƙiƙa 5, ka sake, sau uku ko huɗu don bututu ya cika. Leƙa kan famfon da tocila ka shafa kowane haɗi da yatsa. In a bushe yake tada motar, zata iya ɗan kakkarwa da farko saboda iskar da ke layi, ka barta minti biyar zuwa goma kana kallon wurin. Duba gejin mai ya nuna kusan abinda yake nunawa kafin ka fara. Agogo da rediyo zasu nemi saiti saboda batir da ka cire, silo ma yana iya ɗan hawa da sauka na ɗan lokaci. In motar tana da filta ta waje a ƙarƙashi ko a wajen inji, yanzu ne lokacin canja ta, tsohuwar filta da ta toshe ita take sa famfo yin aikin ƙarfi har ya ƙone.

In motarka bata da ƙofa ta sama

Motocin ɗaukar kaya irin su Hilux da wasu manyan motoci sai an sauke tanki, a masu buɗaɗɗen baya wasu sukan gwammace su ɗaga bodin bayan. Nan aikin ya ninka, kuma gaskiya in baka da ƙafafun ƙarfe na tokare mota kada ka fara, jak kaɗai ba'a shiga ƙarƙashinsa, bulo kuma fashewa yake ba sallama. Ƙasa ta zama mai tauri a miƙe, a sa wa tayoyi waigi. Ka rage man iya iyawarka da famfon hannu zuwa jarkar mai, ba da baki ba, don lita ɗaya ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, tanki mai lita 60 a cike man kaɗai ya kai kilo 45, ga shi yana tangaɗi gefe zuwa gefe. Sababbin motoci da yawa akwai abinda yake tare tiyo a wuyan tanki, in yaƙi shiga kada ka tilasta.

Kwance babban tiyon da ake zuba mai da ƙaramin na iska da ke gefensa, ɗora faffaɗan katako a kan jak ka tallafi tankin, sannan ka kwance maɗauran ƙarfe biyun da suka rungume shi, notinansu sukan yi tsatsa don haka ka jiƙa su da man kwance tsatsa tun daren jiya. A wasu sai ka cire faifan kare zafi ko ka sassauta salansa. Sauke tankin kaɗan kawai, daidai yadda hannunka zai shiga ka cire soket da tiyoyin sama, in ka sake shi gaba ɗaya zai rataya a jikinsu ya tsinke su. Daga nan sauran aikin iri ɗaya ne da na sama. Wasu suna yanka ƙarfen ƙasan kujera don su guje wa wannan wahalar, ni ba zan baka wannan shawarar ba, injin yanka a saman tankin fetur ne fa.

Gwaji na ƙarshe sai tanki ya cika

Robar bakin tanki in ta karkace ba zata nuna ba in mai yana kwata, don man bai kai wurin ba. Shi yasa in da hali ka fita da motar faifan nan a sassauce, ka cika tanki, ka ɗan zagaya ka sha kwana biyu uku, sannan ka tsaya ka ɗaga kujera ka bi gefen zoben da farar takarda mai laushi. In ta fito da danshi ko ka ji wari a cikin mota, sai ka jira man ya ragu ka sake buɗewa ka gyara zaman robar. Wani lokacin ba zaka ga danshi ba sai fitilar inji ta kama bayan kwana biyu da P0442 ko P0455, tururi ne yake fita, ka fara duba murfin da ake zuba mai ko ka ɗaure shi da kyau, in lafiya toh robar ce ko tiyon tururi da ka manta baka mayar ba. In takardar ta fito a bushe ka ɗaure faifan, ka zaro bel ɗin kujera sama kafin ka danna mazaunin ya shiga ƙugiyarsa, don sau biyu ina mantawa dasu a ƙasa sai na sake ɗagawa.